Yadda Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo Ke Samun Sunanta

A garuruwa irin su Garki, wasa yakan riga suna zuwa. Samari ne da suka saba tun sakandare za su shirya ɗan wasan kwaikwayo ranar rabon kyaututtuka, a yi dariya, a tafa musu. Da Sallah su maimaita a filin firamare. Wata rana kuma ma'aikacin lafiya ya neme su su yi wasa a kan gidan sauro ko rigakafin yara ranar da kasuwa ke ci. Duk wannan ana yin sa ba tare da suna ba, domin idan aka ce "yaran nan masu dirama" kowa ya san waɗanda ake nufi. Sai ranar da aka ce su rubuto takarda zuwa fadar Hakimi, ko su kawo lambar asusun banki a biya su, sannan za su tarar da cewa a saman takardar akwai fili da dole a cike shi. A nan gardama ke tashi. Takan ɗauki lokaci fiye da shirya wasa guda, kuma ba laifin samarin ba ne. Aikin da ake ɗora wa suna ya fi yadda ake zato yawa.

Wasannin gargajiyarmu ba su taɓa fuskantar wannan matsala ba. Idan azumi ya kai kwana goma yara suka fito tashe, wasan ne ke da suna: Jatau Mai Magani, Macukule, Tsoho da Gemu. Su kuwa masu yin sa, yaran unguwa kaza ne, kuma baɗi wasu ne za su ɗauka. Kalankuwar da samarin karkara ke yi bayan an kawar da amfanin gona, inda suke naɗa sarkinsu da alƙalinsu su kwaikwayi mulki, da sunan ƙauyen da aka yi ta ake kiranta. 'Yan kama da 'yan gambara kuwa sana'a ce, ana sanin kowane rukuni da sunan ubangidansa. Dalilin a fili yake. Mai kallo da mai wasa 'yan gari ɗaya ne, an san uban kowa, ba a yanka tikiti, ba a sa hannu a takarda. Inda kowa ya san kowa, suna ba shi da aikin yi.

Abin ya fara sauyawa da zuwan makarantun boko. A can aka soma rubuta wasa a takarda, a raba wa ɗalibai su haddace, a gayyaci manyan gari su zauna a kujeru su kalla. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana matashi, yana amfani da su wajen sukar zalunci da jahilci, kuma a 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau. Daga baya rediyo da talabijin suka shigo, musamman gidan rediyon Kaduna, sannan NTA Kano da CTV 67 da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980. Gidan talabijin ba ya hulɗa da "yaran unguwa". Yana son ƙungiya mai shugaba da sakatare, wadda za a rubuta wa wasiƙa, a ba ta lokaci, a biya ta. Haka ƙungiyoyin dirama suka yawaita a Kano, kowace da sunanta. Wannan tarihi na mutanen Garki ne su ma, domin har zuwa 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, Garki a cikin Jihar Kano take, kuma dirama ɗaya aka sha kallo da saurare.

Idan aka dubi sunayen da suka fito a wancan zamani, za a ga hanyoyin da mutane suka bi, kuma har yau su ake bi. Hanya mafi sauƙi ita ce sunan wuri. Gyaranya unguwa ce a birnin Kano, kuma ƙungiyar dirama ta Gyaranya sunan unguwar ta ɗauka, kamar yadda aka yi a Yakasai. Amfanin wannan ba ya buƙatar dogon bayani: 'yan unguwa suna jin ƙungiyar tasu ce, attajirin unguwa yana jin kunyar hana gudummawa. A Kenya ma, cibiyar wasan da Ngugi wa Thiong'o ya yi aiki da ita a shekarun 1970 sunan ƙauyen Kamiriithu ta ci, kuma mutanen ƙauyen da hannunsu suka gina dandalin. Sai dai sunan wuri yana shata iyaka. Ƙungiyar da ta ce ita ta Garki ce, ranar da ɗan wasanta mafi gwaninta ya fito daga Doko ko Kanya ko Rafin Marke, yana iya jin shi ɗan rakiya ne. Garki kuma tana da wata matsala tata ta daban. Wanda ke nesa, da ya ji sunan, Garkin Abuja ce ke fara zuwa masa a rai. Idan kuwa likita ne, zai tuno da babban binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙauyukan Garki daga 1969 zuwa 1976, wanda har yau ake karanta shi a jami'o'in duniya. Saboda haka ƙungiyar da ke son a same ta a intanet, Garki kaɗai ba za ta ishe ta ba, sai ta jingina da Jigawa ko da wata kalma da za ta bambanta ta.

Hanya ta biyu ita ce sunan mutum, kuma nan ne abin ya fi zurfi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin Kano ita ce ta Maitama Sule, wadda ta ɗauki sunan Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, malamin makaranta mai son wasan kwaikwayo wanda ya zama minista a Jamhuriya ta Farko. Me sunan babban mutum ke yi wa 'yan wasa? Yana ba su inuwa. Wannan tsohuwar dabara ce, ba kuma a ƙasar Hausa kaɗai ba. A Ingila, wata doka ta 1572 ta ɗauki 'yan wasan da ke yawo ba su da ubangida a cikin manyan ƙasa a matsayin 'yan zaman banza da za a iya kamawa a hukunta. Don haka kowace ƙungiya sai ta nemi wani basarake ta ci sunansa. Ƙungiyar da Shakisfiya ya yi wa aiki, da farko sunan babban jami'in fadar Sarauniya take amsawa, sai a 1603 da Sarki Jems ya hau gado ya ɗauke ta ƙarƙashinsa, ta koma King's Men, wato Yaran Sarki. Sunan shi ne takardar izininsu ta shiga gari. Matashin Garki da ya ba da shawarar a sa wa ƙungiya sunan wani mai sarauta a masarautar Ringim, ko wani dattijon malamin makaranta da kowa ke girmamawa, lissafi ɗaya yake yi da na waɗancan Turawa, ko da bai taɓa jin labarinsu ba.

Amma inuwa tana da farashi. Wanda ka ci sunansa, ba ka yin wasan da zai ɓata masa rai. Idan ƙungiya ta shirya wasa a kan rikicin gona ko rabon taki, kuma labarin ya yi kama da abin da ya faru a gidan mai sunan, dole a sauya labarin ko a fasa. Idan kuwa ɗan siyasa ne, to rayuwar sunan takan zama daidai da wa'adin kujerarsa. Ana faɗuwa zaɓe, rabin gari su daina zuwa kallo, sabon shugaban ƙaramar hukuma kuma ya ga takardar ƙungiyar ya ture ta gefe. Sunan Maitama Sule ya jure ne domin mutumin ya wuce ɗan jam'iyya a idon jama'a tun kafin rasuwarsa a 2017. Irinsa ba su da yawa.

Akwai kuma wanda ke sa sunan kansa. Hubert Ogunde, uban wasan kwaikwayon zamani na Yarbawa, ya fara a 1945 da suna mai nauyi, African Music Research Party, wanda ke nuna masu binciken kiɗan Afirka ne. Bayan shekara biyu ya mayar da shi Ogunde Theatre Party, a 1950 kuma Ogunde Concert Party. Tun da ya sa sunansa, kalmomin gefe suna ta canzawa, sunan yana nan, domin ya gane shi mutane ke zuwa kallo. Wannan ya dace da inda mutum ɗaya ne ya zuba jari, shi ke ɗaukar 'yan wasa aiki yana biyan su. Kamfanonin fim na Kano da yawa haka suka yi, irin su Iyantama da Mandawari. Ga ƙungiyar abokai da kowa ke zuba kuɗin mako daidai da na kowa, sa sunan mutum ɗaya yakan zama mafarin ƙorafi.

Hanyar da ta fi kama da Bahaushe ita ce ta ɗauko suna daga kirari ko karin magana. Tumbin Giwa, ƙungiyar da ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafa shi a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo, daga kirarin Kano ta samo sunanta. Ba ta ce "ta Kano" ba, amma duk wanda ya ji ya san daga inda take, ya kuma ji alfaharin da ke ciki. Ƙungiyoyin marubuta na wancan lokaci, waɗanda da yawansu suka gangara harkar fim, su ma haka suka yi. Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu, rabin karin magana ce: raina kama ka ga gayya. Kukan Kurciya ma haka, kowa ya san jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Dabarar ita ce a faɗi rabi a bar wa mai sauraro rabi. Shi da kansa zai ƙarasa a zuciyarsa, kuma abin da mutum ya ƙarasa da kansa ba ya saurin mantawa da shi. Raina Kama ta ƙara da wani abu: a lokacin wasu masana suna yi wa littattafansu kallon raini, sai sunan ya zama amsa ba tare da an yi cacar baki da kowa ba.

Jigawa ba ta rasa irin wannan taska. Jihar kanta Tarin Allah ake mata kirari, Dutse ana ce mata Gadawur, Gumel kuma Lautai. A bakin tsofaffin kowane gari akwai kirarin garin, da na kasuwarsa, da na wani tafki ko tsohuwar bishiya da aka san shi da ita. Yawanci samari ba sa tambaya, sai su tafi kai tsaye ga kalmomin da kowa ke ɗauka: Haɗin Kai, Ci Gaba, Zumunta, Alheri, Nasara. Kalmomi ne masu kyau, ba wanda zai ƙi su, shi ya sa a taro su ke cin ƙuri'a. Matsalarsu ita ce ƙungiyar 'yan acaɓa da ta masu sayar da riɗi da kulob ɗin ƙwallo duk sun riga sun ɗauka, kuma babu abin da ke cikinsu da ke nuna wasa ake yi.

Waɗannan su ne wuraren da suna ke fitowa. Abin da ke faruwa da shi bayan an zaɓa shi ne ba a cika tunani a kai ba.

Wuri na farko da suna ke shiga shi ne bakin jama'a, kuma baki yana da dokarsa: ba ya ɗaukar dogon abu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ba a daɗe ba ta koma Gaskiya a bakin masu karatu. An yi sa'a abin da ya rage mai kyau ne. Duk sunan da ya wuce kalma biyu ko uku za a datse shi, kuma ba masu ƙungiya ne za su zaɓi inda za a datse ba. Mai shela da ke zagaya kasuwa da lasifika a kan babur, ko mai karanta sanarwa a Rediyon Jigawa ko Freedom ta Dutse, zai faɗi cikakken sunan sau ɗaya, sauran kuma ya gajarta. Yana da kyau a tambaya tun farko: idan aka yanke, me zai saura? Lamarin kamar na haihuwa ne. Ranar suna liman ya raɗa sunan yanka, amma a gida kakar yaro ta kira shi Ɗanjuma ko Tanko, kuma da wannan zai tsufa, sunan yanka sai a takardar makaranta. Wani lokaci ma jama'a sukan yi watsi da sunan ƙungiya ɗungurungum su kira ta da sunan ɗan wasan da ya fi ba su dariya. Usman Baba Pategi ya rasu a 2023 mafi yawan mutane ba su san shi da wani suna ba sai Samanja. Rabilu Musa, Ibro ne har ya koma ga Allah a 2014, kuma 'yan kallo "fim ɗin Ibro" suke nema, ba ruwansu da kamfanin da ya shirya. Ba a iya hana wannan, ana dai iya shirya masa.

Daga baki sai alƙalami. Rubutun boko na Hausa yana da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, amma galibin takardun ofis da na banki da adireshin Facebook ko YouTube da baƙaƙen Turanci zalla ake cika su. Lanƙwasar takan faɗi a hanya. A ce ƙungiya ta zaɓi Muryar Ƙasa, sai takardar ta fito da Muryar Kasa, kuma kasa maciji ce, ko kuma gazawa. Abokan hamayya ba za su bari wannan ya wuce ba. Haka kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalma ɗaya a takarda tana iya zama biyu a baki. Mafita ba wuya: a rubuta sunan ba lanƙwasa, a miƙa wa wanda ba ya cikin taron ya karanta da ƙarfi, a ji abin da zai fito.

Sannan akwai kunnen iyaye da malamai, wanda a gari kamar Garki ya fi na kowa muhimmanci. Kalmar "wasa" ba ta da nauyi a wajen dattijo, "'yan dirama" kuma ta kwaso duk wani zargi da ake yi wa harkar fim tun bayan da ta bunƙasa a Kano, har aka kafa mata hukumar tace finafinai a 2001. Ƙungiyar da ke son 'yan mata su fito a wasanta, sai uba ya yarda, kuma abu na farko da uban zai ji shi ne sunan. Wannan ne ya sa kalmomi irin su faɗakarwa da wayar da kai suka yawaita a sunayen ƙungiyoyi. Ba ƙarya ba ce, domin yawancin wasannin da ake yi a karkara na faɗakarwa ne. Tsarin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara tun shekarun 1970, inda malamai da ɗalibai ke shiga ƙauyuka su shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu, shi ne ƙungiyoyin agaji suka ɗauka suke amfani da shi har yau. Sai dai idan sunan ya cika wa'azi, matasan da ake son su zo kallo sukan ɗauka lacca za a yi.

Wasu kuma sukan wuce gaba su ɗauko suna daga Larabci mai alaƙa da addini, don a samu karɓuwa. A nan akwai abin lura biyu. Sunan zai hau fosta da takardar gayyata, waɗanda ƙarshensu ƙasa ne, a taka su ko a ƙunshe ƙosai da su, kuma ba Musulmin da ke son ganin sunan Allah a haka. Na biyu, ƙungiyar za ta yi wasan barkwanci, wani zai fito a ɓarawo, wani a boka, wani a mashayi. Idan aka yi wannan a ƙarƙashin suna mai alfarma, malaman da aka so a burge su ne za su fara magana.

Siyasa ma tana cinye kalmomi, abin da ba a cika hangowa ba. Tsintsiya tsohuwar alama ce ta haɗin kai a Hausa, saboda maɗaurinta ɗaya, kuma ƙungiyoyi sun daɗe suna ɗaukar ta. Tun da APC ta bayyana a 2013 da tsintsiya a tutarta, duk wanda ya sa wannan suna sai ya yi ta rantsuwa cewa ba ɗan jam'iyya ba ne. Lema ta zama ta PDP. Dattawan da suka ga Jamhuriya ta Biyu, idan aka ce mabuɗi, PRP suke tunawa, kuma santsi da taɓo, sunayen ɓangarorinta biyu, har yau suna da wata ma'ana a kunnensu. A jihar da siyasa ke shiga har cikin zumunci kamar Jigawa, ƙungiyar da ke son ta yi wasa a gaban kowa dole ta tace sunanta daga wannan. Abin da ba ta da iko a kai shi ne jam'iyyar da za a kafa gobe da alamar da za ta ɗauka.

Sai hukuma. Ƙungiyoyin matasa da yawa sukan tsaya ga rajista a sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko a ma'aikatar jiha a Dutse, kuma wannan ya isa a san da zamansu. Amma wadda ke son buɗe asusun banki da sunanta, ko karɓar aiki daga manyan ƙungiyoyin agaji, yawanci sai ta je Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, wadda ke aiki da dokar kamfanoni da aka sabunta a 2020. Matakin farko shi ne binciken suna. Ana tura sunan da ake so ta intanet, hukumar ta duba ko wani ya riga ya ɗauka, ko kuma akwai mai kama da shi har a iya ruɗewa. Idan babu, sai a ajiye wa mai nema sunan na kwana 60 ya kammala sauran takardu. A nan ne su Alheri da Nasara ke faɗuwa, domin an daɗe da cinye su. Dokar ta kuma ware wasu kalmomi da ba a sa su sai da izinin hukumar na musamman, saboda suna iya sa a zaci gwamnati ce ko wani babban kamfani mai rassa. Daga cikinsu akwai Federal da National da State da Government, har da Group, kalmar da 'yan dirama suka fi so su liƙa a ƙarshen sunansu na Turanci.

Rajistar iri-iri ce, kuma zaɓin yana da alaƙa da tambayar wane ne mai sunan. Idan aka yi ta a matsayin sunan kasuwanci, to sunan na mutumin ne ko mutanen da aka rubuta a takardar, ko da kuwa mutum talatin ne ke wasa. Idan aka yi ta a matsayin ƙungiya mai amintattu, wadda ba don riba aka kafa ba, sai an kawo tsarin mulki a rubuce, an zaɓi amintattun, an buga sanarwa a jaridu biyu, an jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Ta fi tsada, ta fi jan lokaci, amma sunan ya zama na ƙungiya, ba ya bin kowa gida. Samari da yawa sukan bi hanya ta farko don sauƙi, su ba wanda ya fi su iya kwamfuta ya yi da sunansa, ba tare da sun san abin da suka miƙa masa ba.

Muhimmancin wannan ba ya bayyana sai ranar rabuwa, kuma ƙungiyoyin wasa suna rabuwa, a ko'ina a duniya. Kuɗi ya shigo, ko wani ya yi suna fiye da saura, ko shugaba ya tafi karatu Kano ya ce da shi za a tafi. Kayan wasa ana iya raba su, lasifika ɗaya nan ɗaya can. Suna ba ya rabuwa biyu. Sai ka ga ɓangare ɗaya ya riƙe takardar rajista, ɗayan ya riƙe shafin YouTube da mabiyansa, kowa yana cewa shi ne na asali, a ƙarshe wani ya ƙara "Sabuwar" a gaba. Shafin intanet ɗin ma yanzu dukiya ne, kuma na wanda lambar wayarsa ke kai ne.

Idan aka tambaye ni, bayan duk wannan, zan ce yawancin tarurrukan zaɓen suna suna ɓata lokacinsu a wurin da bai fi muhimmanci ba. Ana kwana ana gardama a kan wace kalma ce ta fi ma'ana mai zurfi, alhali ma'anar da ke cikin ƙamus kaɗan ce daga abin da sunan zai ɗauka. Tumbin Giwa kirarin Kano ne kawai kafin ƙungiyar ta ɗauke shi. Abin da ya sa masu tarihin fim ke ambaton sa yau shi ne aikin da aka yi a ƙarƙashinsa. Sunusi Shehu na mujallar Tauraruwa ya ƙirƙiri Kannywood a 1999, kalmar da ba Hausa ba ce, ba ta kuma da wata ma'ana sai haɗa sunan Kano da na Hollywood, amma ta zauna daram saboda akwai masana'antar da ke buƙatar abin da za a kira ta da shi. Wannan ba ya nufin a zaɓi ko mene ne. Yana nufin abin da ya kamata a nema shi ne sunan da ba zai tsaya wa aikin a hanya ba: gajere, mai daɗin faɗi, wanda ba ya lalacewa idan lanƙwasa ta faɗi, wanda uba zai ji bai ɗaure fuska ba, kuma ba na jam'iyyar kowa ba.

A cikin hanyoyin da aka bi a baya, ni na fi karkata ga ta kirari da rabin karin magana, musamman wanda aka samo a gida. Ƙungiyar Garki da ta aika mutum biyu su zauna da tsofaffin garin da na ƙauyukan kewaye, su tambayi yadda makaɗa ke yi wa wurin kirari da irin maganganun da ake yi a nan waɗanda ba a yi a Kano, za ta dawo da sunaye da dama da babu su a kwamfutar CAC. Za ta kuma samu wani abu a kan hanya, domin dattijon da aka nemi shawararsa a kan suna da wuya ya hana jikarsa fitowa a wasan. Sai a tafi da uku, ba ɗaya ba, saboda hukuma tana iya ƙin na farko. A ranar da aka tsayar da shi kuma, tun ana dariya da juna, sakatare ya rubuta a littafin taro wa ke da sunan, lambar wa za a sa a shafin intanet, da abin da za a yi idan wani ya fita, kowa ya sa hannu.